Maganar omon wanki

Wai har yanzu da yawan kumfa mutane suke auna omo? Ni dai tunda muka koma gidan da sai ruwan rijiya na gane kumfar nan ba ita ke fidda datti ba, ruwan ne ma ke kashe ta kuma kaya su fita tas.

Gida mai yara wanki ba ya ƙarewa, ga farin yunifom ga safar da ta sha ƙasar filin ƙwallo. Na awon nan da ake ƙullawa a leda akwai araha kam, amma wallahi sai da ya cinye min tsakanin yatsu, atamfata ta koɗe ko wata biyu ba ta yi ba. Yanzu babbar leda nake saya ƙarshen wata, in jiƙa fararen tun dare, da safe ɗan cuɗawa kaɗan sai bula.

Shaddar maigida kuwa ko kusa da omo ba ta zuwa, sabulun wanki kawai, in ba haka ba maiƙon ya gudu in sha mita har sati. Kayan jaririya ma sabulu ne, in ɗauraye sosai saboda ƙuraje.