Daga Yirrkala zuwa Baniyala: inda ɓawon itace ya zama shaidar ƙasa

Jirgin da ke tashi daga Darwin yakan yi awa ɗaya da 'yan mintoci kafin ya sauka a filin jirgin Gove, can ƙuryar arewa maso gabashin yankin Arnhem a Ostareliya. Akwai hanyar mota daga wajen garin Katherine, mai kusan kilomita 700, amma yawancinta ba kwalta, sai da takardar izini daga majalisar da ke kula da filayen 'yan asalin yankin ake bin ta, kuma da damina koguna kan datse ta. Daminarsu daga Disamba take kamawa zuwa Afrilu. Ni a ƙarshenta na je, domin a lokacin ne ɓawon itace ke saɓuwa, kuma aikin ɓawon ne ya kai ni.

Tun daga sama za ka ga ƙasar ja wur. Ma'adinin da ake yin alminiyam da shi ne, kuma shi ne tushen rigimar wurin. A 1963 gwamnati ta yanki ƙasar mutanen Yolngu, 'yan asalin wurin, ta ba masu haƙar ma'adini ba tare da ta tuntuɓe su ba. Dattawansu na garin Yirrkala suka buga kokensu a takarda, da harshensu da Turanci, suka manna ta a kan ɓawon itace, suka zagaye ta da zanen zuri'unsu, aka kai majalisar tarayya a watan Agusta na shekarar. Shari'ar da ta biyo baya sun faɗi a 1971, amma ita ta share hanyar dokar 1976 wadda ta maido wa 'yan asalin ƙasa filayensu a wannan yanki.

Daga Nhulunbuy, babban garin da ke kusa da filin jirgin, zuwa Yirrkala bai kai kilomita 20 ba. Cibiyar zane ta Buku-Larrnggay Mulka tana tsakiyar garin, mallakar masu zanen ce, kuma su ke yanke shawarar yadda ake tafiyar da ita. A ɗaki na musamman aka kafa manyan alluna biyu da dattawa suka zana wa cocin garin a 1962 zuwa 1963, kowanne ya kusa mita huɗu. Ɗaya na ɓangaren Dhuwa ne, ɗaya na Yirritja, domin a wurin Yolngu komai, mutum ko kifi ko iska ko gaɓar ruwa, yana cikin ɗayan ɓangarorin nan biyu. Kowane dattijo ya zana kason zuri'arsa kaɗai, bai tsallaka na wani ba. Wanda ya tsaya gaban allunan nan ya kalle su da kyau ya fahimci aikin fitaccen mai zanen ɓawo Djambawa Marawili tun kafin ya ga ko ɗaya.

An haifi Djambawa a 1953, shugaba ne a zuri'ar Madarrpa ta ɓangaren Yirritja, kuma wurin mahaifinsa Wakuthi ya koyi zane da waƙoƙin da ke tafe da shi. Ya ci kyautar zanen ɓawo a gasar zane ta 'yan asalin ƙasar a 1996, ya ci babbar kyautar gasar gaba ɗaya a 2019, ya daɗe yana shugabantar ƙungiyar masu zane ta arewacin ƙasar, kuma yana cikin waɗanda suka tsara baje kolin Madayin da ya fara zagaya Amurka a 2022. Duk da haka mazauninsa Baniyala ne, ƙaramin ƙauye a bakin teku, ba Sydney ba.

Na bi masu yankan ɓawo zuwa daji. Itacen wani nau'in turare ne da suke kira gadayka. Ba kowanne ake sara ba: ana neman miƙaƙƙe, wanda ba shi da reshe a ƙasa, ba kulli, ba ramin gara. Sai a sare shi da gatari a zagaye ta ƙasa, a hau tsani a sake zagayewa ta sama, tsakaninsu mita ɗaya zuwa biyu, wani lokaci fiye, sannan a tsaga layi ɗaya daga sama har ƙasa. Daga nan a cusa sanda mai faɗin baki a riƙa ɓamɓarowa a hankali. In ruwan itacen yana gudana, ɓawon zai saki da wata 'yar ƙara ya fito ɗungurungum kamar bututu. In rani ya shiga, mannewa yake yi, duk dabarar da aka yi sai ya yage. Itacen da aka saɓule ba ya rayuwa, shi ya sa ba a yanka sai wanda za a yi aiki da shi.

A nan take ake hura wuta. Ana ɗora ɓawon bayansa na kallon harshen wutar, ɗanyen ruwan cikinsa ya tafasa har ka ga tururi na fita ta bakinsa, shi ne ke sa ya yi laushi ya buɗe. Wanda ya yi gaggawar danne shi kafin ya yi zafi sosai zai ji ya tsage ta tsakiya, wanda ya bar shi ya jima kuma cikinsa ya ƙone ya yi baƙi. Bayan an sauke, a kankare ƙonannen bayan da adda, a shimfiɗa shi a ƙasa mai laushi, a danne da duwatsu ko gungume har ya bushe, abin da kan ɗauki makonni. Sannan a goge cikinsa da sanfefa. A da ana huda bakinsa biyu a ɗaure sanduna don kada ya naɗe. Yanzu cibiyar kan sa masa firam na alminiyam ta baya, wanda ke riƙe shi amma ya bar shi ya ɗan motsa, saboda ɓawo ba ya daina shan laima da saki.

Launi huɗu ne: farar laka, jan dutse, rawayan dutse, da baƙi. Kowanne da wurin da ake ɗebo shi, kuma wurin yana da masu shi. Ana goga dutsen a kan faffaɗan dutse da ruwa kaɗan kaɗan. Da can ruwan wani tsiro ake haɗawa don launin ya kama, yanzu gam ɗin kafinta ake sirkawa. Nan ma akwai ma'auni: gam ya yi yawa, zanen ya yi ƙyalli ya riƙa ɓarewa, ya yi kaɗan, ya koma gari yana zuba in an taɓa. Burushin siraran layuka, marwat, 'yan silin gashin mutum ne miƙaƙƙu aka ɗaure a tsinke. Mai zane na zaune a ƙasa, ɓawon na gabansa, ya jiƙa gashin, ya kwantar da shi, ya ja daga jikinsa zuwa waje, layi ɗaya, ya sake tsomawa. Babban ɓawo yakan ci dubban layuka a haka.

A nan ne aikin haɗin gwiwa ke fitowa fili. Babba shi ke shata fasalin zanen, domin shi ke da ikonsa, amma cike layukan sau da yawa matarsa da 'ya'yansa ke taya shi, kuma ta haka yara ke koyo. Akwai kuma 'ya'yan matan zuri'ar, waɗanda hakkinsu ne su duba ko an yi zanen gidan kawunansu daidai. Zanen, miny'tji, kamar tsagar gado yake a fuska: mai ido na gani ya san gidan, kuma ba mai ɗaukar na wani. Na Madarrpa jerin dogayen siffofin lu'ulu'u ne masu sarƙe da juna, alamar wutar da kakansu kada, Baru, ya shiga teku da ita a Yathikpa. A ganina kuskure ne babba a kira wannan ado. Kowane layi yana nuna wani wuri takamaimai, da irin ruwan da ke wurin, da wanda ke da magana a kansa.

Zuwa Baniyala kimanin kilomita 200 ne kudu da Yirrkala, a mota mai jan ƙafa huɗu, kuma sai da izinin mutanen wurin. Jar hanya ce mai gargada, ga rafuka da ake ratsawa. Ba a sauka a taka ruwa don gwada zurfi, saboda kadoji. Ƙauyen na kallon mashigin tekun Blue Mud. In ruwa ya janye, laka da yashi kan bayyana da nisa, in ya ciko su ɓace. A kan wannan tsiri aka yi shari'a.

A 1996 aka tarar da sansanin masunta 'yan kasuwa da suka shiga ba izini a Garrangali, wuri mai alfarma inda kada ke sheƙa. Sun bar shara, har da yankakken kan kada a buhu. Maimakon ramuwa, Djambawa da sauran dattawa suka ce a zana. Masu zane 47 suka yi ɓawo 80, kowace zuri'a ta nuna nata yankin tekun, har gaɓar ta haɗu daga wannan kai zuwa wancan. Zanukan sun zagaya ƙasar, yanzu suna gidan tarihin harkokin teku da ke Sydney, kuma an gabatar da irinsu a matsayin shaida a kotu. A watan Yuli na 2008 Babbar Kotun Ostareliya ta yanke cewa ruwan da ke rufe ƙasar 'yan asali tsakanin iyakar cikowa da ta janyewa ba a shiga sai da izininsu. Hukuncin ya shafi sama da kashi 80 cikin 100 na gaɓar tekun Yankin Arewa, wanda Arnhem ke cikinsa.

Wanda zai sayi ɓawo ya saya a cibiyar, inda za a ba shi takarda mai sunan mai zanen da zuri'arsa da wurin da zanen ke magana a kai, kuma kuɗin ya isa ga mai aikin. Kada a naɗe shi, kada a jingina shi a tsaye ba firam, kada a goge fuskarsa da tsumma. A kwance ake ɗaukarsa cikin akwati. A rataye shi nesa da rana da bakin na'urar sanyaya ɗaki, domin saurin sauyawa daga laima zuwa bushewa ne ke tsaga shi bisa tsawon zarensa, launin ya bi tsagar ya zube.