Kuɗi a Hannun Talaka Kafin Ruwa Ya Sauka

A ƙauyukanmu na jihar Gombe talauci yana da lokacin da yake tsananta, kuma lokacin ba ya canzawa daga shekara zuwa shekara. Yana somawa ne a ƙarshen bazara, sa'ad da aka fara ganin ƙasan rumbu, ya yi ƙamari a tsakiyar damina, lokacin da shuka ta yi kore shar amma babu abin da ya nuna. A wannan tsakanin ne magidancin da ba shi da tiya ɗaya ta masara a gida yake saɓa fartanyarsa ya tafi ƙwadago gonar wani, domin ya samo abin da za a ɗora a kan murhu da yamma. Yana can yana nome gonar mai hali, ciyawa tana cinye tasa. Kafin ya waiwayo noman farko ya wuce lokacinsa, maimai kuwa sai wanda Allah ya nufa, don haka gonar da ya kamata ta ba shi buhu goma sai ta ba shi abin da bai kai haka ba.

Wanda ƙwadago bai ishe shi ba sai ya nufi masu ba da kaka, ya karɓi kuɗi kaɗan a damina da alƙawarin biya da buhu idan an yi girbi. Da kaka ta yi, kowa ya kwaso amfaninsa zuwa kasuwa a lokaci guda saboda bashi da kuɗin makaranta da bukukuwa, farashi ya faɗi, 'yan kasuwa su saya su tara a ɗakunan ajiya irin na kasuwar Tudun Hatsi da ke Gombe. Bayan 'yan watanni manomin nan zai koma ya sayi irin hatsin da ya noma da hannunsa a kan farashi mai tsada. Wannan mutum ya iya noma, matarsa ta iya sana'a, babu wanda zai koya musu tattali. Abin da suka rasa shi ne 'yan kuɗi a daidai lokacin da rashinsu yake jawo asara mafi girma, kuma a nan ne na ga tallafin kuɗi kai tsaye yake da amfanin da rabon shinkafa ko keken ɗinki ba su da shi.

Na sha jin ma'aikata irina a cikin garin Gombe suna cewa idan aka miƙa wa talaka kuɗi cinyewa zai yi, ko ya ƙara aure. Maganar cinyewa ba ta tayar mini da hankali, domin iyalin da suka ci suka ƙoshi a watan Agusta su ne suke iya tsayawa a gonarsu su yi mata aiki, kuma yaron da bai kwana da yunwa ba shi ne ba a kwasa zuwa asibiti. Maganar almubazzaranci kuwa an bincika ta. Masana a Bankin Duniya sun tattara binciken da aka yi a ƙasashe da dama na Afirka da Asiya da Latin Amurka, suka tarar cewa irin wannan tallafi ba ya ƙara yawan abin da ake kashewa a kan taba da barasa.

Akwai wata goggona a wani ƙauye kusa da Kumo, mijinta ya rasu ya bar ta da marayu. Tana cikin waɗanda sunansu ya shiga shirin gwamnatin tarayya da aka soma a 2016, wanda a lokacin ake ba gida naira 5,000 a wata, ana haɗa na wata biyu a biya 10,000. Ta iya matse man gyaɗa tun tana budurwa, amma shekara da shekaru aikin wasu take yi, a kawo mata gyaɗa ta soya ta matse, a sallame ta da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Da kuɗin suka fara zuwa sai ta riƙa sayen gyaɗarta da kanta, man nata, ƙuli-ƙulin ma nata, 'yarta tana kai wa masu tsire da masu shago. Ta shiga adashe da matan unguwarsu, ranar da ta kwasa ta sayi akuya. Shekarar da zazzaɓi ya kwantar da ƙaramin ɗanta, ɗan akuyar aka sayar aka biya magani, gonar da mahaifinsu ya bari ba ta shiga jingina ba. Har yau goggona talaka ce, sai dai ta daina sayar da abin da zai ciyar da ita gobe don ta tsallake yau.

Abin da na gani a gidanta ya yi daidai da abin da aka auna a Jigawa da Zamfara, inda ƙungiyoyin agaji na Save the Children da Action Against Hunger suka gudanar da shirin ba mata masu juna biyu naira 3,500 a wata, daga baya 4,000, har yaro ya cika shekara biyu, tare da wayar da kai game da shayarwa da abincin yara. Binciken da ya biyo baya ya nuna an samu raguwar tsumburewar yara, matan kuma sun ƙara shiga sana'a da kiwo. A yankin Siaya na ƙasar Kenya, ƙungiyar GiveDirectly ta ba gidaje fiye da 10,000 kimanin dala 1,000 kowanne, aka kuma gano cewa har maƙwabtan da ba a ba su komai ba sun amfana, farashin kaya kuwa bai wani tashi ba. Dalilin a fili yake ga duk wanda ya san ƙauye: kuɗin da ya shiga hannun talaka ba ya zuwa Abuja ko Dubai, wajen mai injin niƙa da tela da mai facin taya yake zagayawa.

Matsalar tamu a Najeriya tana wajen aiwatarwa. An zuba dala miliyan 322 na kuɗin Abacha da ƙasar Suwizalan ta maido a cikin shirin 2016, amma biyan yakan tsaya watanni ba tare da an yi wa kowa bayani ba, kuma matar da ba ta san ranar da kuɗi zai zo ba, ba za ta iya ɗaukar hannu a adashe ba, balle ta yi alƙawari da mai gyaɗa. Darajar kuɗin ma ta zaizaye. A 2017, lokacin da ake sayar da buhun takin gwamnati naira 5,500, kuɗin wata biyu yana sayen buhu har a samu canji. Yau ko kusa ba zai yi ba. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 an yi shelar naira 25,000 a wata har wata uku ga gidaje miliyan 15, sai aka dakatar da shirin a farkon 2024 saboda zargin almundahana a ma'aikatar da ke kula da shi. Da aka dawo da shi an ɗora sharaɗin lambar shaidar ɗan ƙasa (NIN) da asusu. Sharaɗin yana da hujja, domin yana rage sunayen bogi, amma tsohuwar da ke wani lungu na Dukku ko Nafada sai ta biya kuɗin babur zuwa inda ake rajista, ta sake biya zuwa wurin mai POS, shi ma ya cire nasa. Ya kamata masu rajistar su je su same ta a ƙofar mai unguwa, a kuma karanta sunayen waɗanda aka zaɓa a bainar jama'a, domin mutanen gari sun fi kowa sanin gidan da ba a hura wuta.

Kuɗin tallafi ba zai gina hanya ba, ba zai kai malamin jinya ƙauye ba, waɗannan hakki ne na daban a wuyan gwamnati. Abin da nake roƙon masu tsara shirin, na tarayya da na jiha, shi ne su dubi kalandar manomi maimakon ta ofis. A biya kaso mai kauri a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da ake neman iri da taki da kuɗin huɗa, a sake biyan wani a watan Agusta lokacin da rumbu ya ƙare, a sa kuɗin a hannun uwar gida, a kuma sanar da ranakun biyan a rediyo tun farkon shekara yadda kowace mace za ta san abin da za ta yi lissafi da shi.