Ramin bawul ya ci mini wili guda

Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, na jingine mashin ɗina a zaure na koma wa keke. A Jega nake zaune, ina koyarwa a wata firamare da ke ƙauye a gefen hanyar Aliero, kuma albashina ba zai ɗauki man zuwa da dawowa kwana biyar a mako ba. Da hutu ya kusa ƙarewa na je Birnin Kebbi na sayo keken gwanjo, irin waɗanda ake kwasowa daga Turai, mai giya, mara nauyi, tayarsa siririya. Na matsa birki, na ja kaca, na juya wili in ga ko yana rawa, na hau na zagaya sau biyu. Abin da ban duba ba shi ne ɗan ƙarfen nan da ake ba taya iska ta cikinsa. Na gan shi dai siriri kamar tsinken ashana, da wani ɗan noti a kansa, ban kawo komai a raina ba. A sanina bawul bawul ne.

Wata biyu keken bai ba ni matsala ba. Da kaka ta yi, tsidau ya bushe a ƴar hanyar da nake yankewa ta cikin gonaki, wata safiyar Talata tayar baya ta sace. Na tura shi har bakin titi inda wani matashi yake faci da injin iska. Ya fitar da tif ɗin, ya gano hujin, ya goge, ya shafa sholisho, ya manna faci. Duk wannan lafiya lau. Da ya zo ba shi iska ne bakin tiyon injinsa ya ƙi kama bawul ɗin, iska tana ta fita ta gefe. Ya naɗe shi da tsumma ya danna, ya sake dannawa da ƙarfi, sai na ji ƙas. Ɗan tsinken da ke kan bawul ɗin ya lanƙwashe ya karye. Daga ni har shi babu wanda ya san cewa ana fara kwance wannan ɗan notin ne kafin iska ta shiga.

Ya ce, "Malam, wanga bawul ba namu ba na. Bari in sa maka tif irin na kowa ka huta."

Ya ɗauko sabon tif mai bawul irin na tsofaffin kekunanmu, ya kai shi bakin ramin da ke jikin rim, ya ƙi shiga. Ramin ya yi masa kaɗan. Ya ɗago ya dube ni ya ce sai an buɗa ramin. A ranar yara suna da gwajin tsakiyar zango, takardun tambayoyin suna cikin jakata, ƙarfe takwas saura. Na ce ya buɗa. Ba shi da injin huda ƙarfe, sai ya sa wutsiyar magagari a ramin yana murɗawa, da ta gaza ya ƙara da tsinin almakashi. Ni na riƙe masa wilin tsakanin gwiwoyina, ina kallon garin alminiyam yana zuba a kan takalmina. Ban ga laifin yaron ba, abin da ya sani ya yi, kuma sai da ya tambaye ni. Ni ne na ce eh. Har yanzu in na tuna wannan eh ɗin sai raina ya sosu, domin duk asarar da ta biyo baya daga nan ta taso.

Kwana shida tif ɗin ya yi. Na fito da asuba na tarar da taya a ƙasa. Aka duba, ba ƙaya ba ce, gindin bawul ɗin ne ya tsage, daidai inda ƙarfe ya haɗu da roba. Duk mai keke ya san nan faci ba ya zama. Na sayi wani, ya yi mako biyu, ya yage a wuri guda. Na uku ma haka. Ina ta zargin masu sayar da kaya da kawo tif mara kyau, alhali bakin ramin da muka buɗa ne ya zama kamar haƙoran zarto, duk ramin da na faɗa a hanya sai ya ɗan ci robar.

Sai a karo na uku na kai keken wurin wani dattijo da ya daɗe yana gyaran keke a Jega, tun ina yaro nake ganinsa a ƙarƙashin dalbejiya guda. Ya cire taya, ya sa ɗan yatsa a ramin, ya fito da shi da ɗigon jini. Ya juya rim ɗin ga rana ya nuna mini wani siririn layi kamar gashi, ya taso daga bakin ramin ya nufi gindin wayar wili ta kusa.

Ya ce, "Ɗana, wa ya yi maka wanga aiki?"

Na ce, "Baba, ni na sa aka yi."

Ya yi shiru, sannan ya ce rim ɗin ya tsage, in na ci gaba da hawa wata rana zai buɗe da ni a kan titi, ga manyan motocin albasa suna wucewa. Rim ɗina siriri ne, naman da ke gefen ramin bai taka kara ya karya ba, mun kuma cinye shi da magagari, ba ma a tsakiya ba, ya fi cin gefe guda. Ya ƙara nuna mini wani abin. Tif ɗin da ake ta sa mini an rubuta 28 x 1 1/2 a jikinsa, na manyan kekuna ne masu kariya. Tayata kuwa 700C ce. Duka biyun ana ce musu ashirin da takwas, amma in ka duba ƙananan lambobin da ke jikin taya, ɗaya 635 ce ɗaya 622. Tif ɗin ya fi tayar girma, yana naɗewa a ciki yana jan bawul gefe, shi kuma bakin ramin yana jira.

Daga bakin dattijon nan, da abin da na bi na karanta a waya cikin dare saboda takaici, na gane cewa bawul ɗin keke iri uku ne. Akwai irin na mashin da mota, wanda ake kira Schrader, kaurinsa milimita 8, da ɗan tsinke mai sifirin a cikinsa. Akwai namu na gado, na Raleigh da Phoenix, wanda ake kira Dunlop ko Woods, mai ƴar roba a ciki da ake sakewa in ta ruɓe. Waɗannan biyun rami ɗaya suke shiga, wajen milimita 8.5. Sai kuma siririn, Presta, ɗan Faransa, kaurinsa milimita 6, raminsa wajen 6.5. An yi shi siriri ne da gangan saboda siraran rim na kekunan tsere, don kada babban rami ya raunana su. Ba shi da sifirin, iskar da ke cikin tif ce ke tura shi ya rufe, notin kansa kuma ya kulle shi. Milimita biyu ke nan tsakanin ramin da na zo da shi da wanda na sa aka yi mini. Milimita biyun nan su suka ci tif uku da wilin baya sukutum, da kuɗin mashin na haya na kusan mako uku kafin in samu wani wilin.

Abin da ya fi ƙona mini rai sai daga baya ya zo. Dattijon ya tambaye ni ko akwai tsohon famfon keke a gidanmu. Akwai. Na mahaifina ne, Allah ya jiƙansa, na Raleigh ɗinsa, dogo baƙi da ɗan guntun tiyo da ake zarowa daga hannunsa. Yana cikin akwatin ƙarfe a ɗakin mahaifiyata shekara da shekaru. Na kawo masa washegari. Fatar ciki ta bushe ta ƙandare, ya ɗiga mata man gyaɗa ya murza da yatsa har ta yi laushi ta buɗe. Ya tsuguna gaban tayar gaba, wadda har lokacin take da bawul ɗinta na asali, ya kwance ɗan notin har ƙarshe, ya taɓa kansa sau ɗaya iska ta yi fis, ya ɗaura tiyon famfon babana a kai. Ya shiga daram kamar don shi aka yi shi. Kan Presta da kan Dunlop murɗinsu ɗaya ne, famfon da ke ba ɗaya iska yana ba ɗayan. Na tsaya ina kallon taya tana tashi. Maganin abin yana cikin gidanmu tun ranar da na sayo keken, da na rataya famfon nan a jikinsa da babu abin da zai kai magagari bakin rim ɗina.

Akwai kuma ɗan adafta na tagulla, bai kai gaɓar yatsa ba, da ake ɗaurawa a kan Presta bayan an kwance notin, sai ya koma kamar na mashin, kowane injin iska ya kama shi. Ƙanena ya aiko mini da guda biyu daga Sakkwato, kuɗinsu duka bai kai na tif ɗaya ba. Na ga ana cewa in babu adafta a yanke kan murfin robar bawul ɗin a yi amfani da shi a madadinsa. Na gwada, yana yi, amma rabin iskar a waje take ƙarewa, na fita kunya ne kawai.

Ba ina cewa buɗa rami haramun ba ne. Wanda rim ɗinsa mai faɗi ne, irin na kekunan hawa dutse, in aka sa injin huda da baki mai milimita 8.5, aka huda a tsakiya, aka goge bakin da samfefa har yatsa ya wuce bai ji kaifi ba, mutane suna yi suna zaune lafiya. Amma aiki ne na zama a tsanake, ba na bakin titi da ƙarfe takwas saura ba, kuma ba a siririn rim ba. In ka buɗa ka buɗa ke nan, ƙarfen da ya zube ba ya komawa. Ko da daga baya ka so mayar da siririn bawul a ramin da ya yi faɗi, sai ka sa masa ƴar zoben roba ko washa ta cike gurbin, in ba haka ba tif ya kumburo ta gefen bawul ya fashe.

Da na samu wilin gwanjo na baya a Birnin Kebbi, kafin in tambayi kuɗi sai da na duba abu biyu, lambar 622 da girman ramin. Na yi sa'a raminsa babba ne tun daga kamfani, bakinsa sumul. Nan ne zaɓi ya zo hannuna a karon farko, tunda Dunlop da Schrader duk za su shiga. Ina son Dunlop, shi na tashi na gani, kuma gyaransa ƴar roba ce da ko yaro zai sake. Sai dai zafin watan Maris da Afrilu a Kabi yana cinye robar nan da wuri, ka kwana da taya cike ka tashi da rabi. Ba ka kuma iya rage iska kaɗan in za ka shiga yashi, da ka kwance wuyansa duka take ficewa. Na zaɓi irin na mashin. Dalilina ɗaya ne, daga Jega zuwa Aliero duk inda ka ga tsohuwar taya a rataye a bakin titi akwai mai injin da zai ba ni iska ba tare da wata tambaya ba, kuma in cikin bawul ɗin ya lalace, na mashin yana shiga. Wahalarsa ita ce tif mai lamba 700 da irin wannan bawul ba ya samuwa a ƙananan shaguna, don haka bibbiyu nake saya in na shiga birni. Nakan kuma gwada tsawon bawul ɗin, domin rim mai bango biyu yana haɗiye gajere, ɗan abin da zai leƙo waje bakin tiyo ba zai kama ba. Mai milimita 48 nake nema, mai 40 da ƙyar yake fitowa a nawa.

Tayar gaba na bar ta da Presta ɗinta, ban taɓa ramin ba kuma ba zan taɓa ba. Gaskiya ma tana riƙe iska fiye da yadda na zata, matuƙar na tuna na mayar da notin na ɗaure. Adafta ɗaya yana ɗaure a kanta kullum, ɗayan yana cikin ƴar ledar da nake sa alli. In na tsaya wurin mai faci, ni nake tsugunawa in kwance notin da hannuna kafin ya miƙo tiyo, ko da zai ga kamar na raina aikinsa. Famfon babana kuma na ɗaure shi da roba a jikin keken.

Makon jiya wani abokin aikina ya sayo irin kekena, ya kawo makaranta yana nunawa. Kowa yana taɓa sirdi da giya, ni na tsuguna gindin taya. Siririn bawul ne gaba da baya. Na ciro adaftan da ke cikin ledar alli na ba shi, na nuna masa yadda ake kwance notin sau biyu har ya yi da kansa. Na ce da an tashi ya biyo ni gida ya ga tsohon wilin, yana nan rataye a zaure sama da mashin, tsagar ta ƙara tsawo har ta kai gindin waya.