Wanda bai san ana yi masa shari'a ba

Lokacin da nake karatun lauya, na daɗe ina cuɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba ne. Akwai hankalin mutum a ranar da aka ce ya aikata laifi, wanda ƙa'idar M'Naghten ta 1843 a Ingila ta yi magana a kai. Akwai kuma hankalinsa yau, yana tsaye a gaban alƙali. Mutum kan aikata laifi da hankalinsa garau, ciwo ya same shi daga baya.

Ban gane bambancin sosai ba sai da na fara aiki, aka ba ni wani da ake tuhuma in kare shi. Ya san sunansa, ya san ranar da muke ciki, har gaisuwa mai kyau ya yi mini. Amma da na tambaye shi mene ne aikin alƙali, sai ya rage murya ya ce alƙalin ne yake aiko masa muryoyin da ke hana shi barci. Ta yaya zan tambayi wannan bawan Allah ko ya amsa laifinsa? Abin da Kotun Ƙolin Amurka ta faɗa ke nan a shari'ar Dusky a 1960: sanin wuri da lokaci bai isa ba, sai mutum ya fahimci abin da ake yi da shi a kotu, ya kuma iya tattaunawa da lauyansa cikin hankali. In bai iya ba, a dakatar da shari'ar, likitan ƙwaƙwalwa ya duba shi, a yi masa magani. Da yawa sukan farfaɗo a dawo da su kotu.

Ranar da alƙali ya yarda da rahoton likita cewa mutumin da nake karewa ba zai iya fuskantar shari'a ba, aka tura shi asibiti, na fito ina murna kamar na ci shari'a. Babban lauyan da nake ƙarƙashinsa ya tsayar da ni, ya ce, "Malam, ba sakinsa aka yi ba fa. Wanda aka yanke wa hukunci ya san ranar fitarsa. Naka fa, wa ya san tasa?"

Maganar ta tsaya mini a rai, ita ce ta mayar da ni kan shari'ar Theon Jackson, wadda a makaranta na haddace ta don jarrabawa kawai. Kurma ne kuma bebe, bai iya karatu ko rubutu ba. An tuhume shi da ƙwacen kuɗi da kayan da gaba ɗaya darajarsu dala 9 ce. Kotu a jihar Indiyana ta ce a tsare shi har sai ya warke, alhali abin da ke damunsa ba mai warkewa ba ne. Ɗaurin rai da rai ke nan, ba tare da an tabbatar da ya ɗauki ko sisi ba. A 1972 Kotun Ƙoli ta ce ba zai yiwu ba: tsarewar ba za ta wuce lokacin da ake bukata a gane ko zai farfaɗo ba. In babu alama, a bi hanyar da ake bi wajen kwantar da kowane mai taɓin hankali a asibiti, ko a sake shi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, irin wannan mutum ba ya iya tunatar da kowa cewa yana nan. Fayil ɗinsa yakan koma ƙasan tuli, mai gabatar da ƙara ya shiga wasu shari'o'in, dangi su gaji da zuwa. Shi ya sa tun daga wancan mutumin, duk wanda aka tura asibiti daga hannuna, nakan rubuta ranar da zan koma in nemi sabon rahoton likita, kuma nakan je da ƙafata in gan shi.