Wasiƙa daga Minesota: mutumin da ya shafe rayuwarsa yana bin sawun ƙarfe

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida, musamman malamai da ɗaliban kimiyyar sinadarai. Ina fata kuna lafiya, iyali da ɗalibai duk lafiya.

Ina rubuto muku ne daga birnin Miniyapolis na jihar Minesota a Amurka, kuma labarin wani malami nake so in ba ku, Farfesa Lawrence Que na Jami'ar Minesota. A Manila, babban birnin Filifin, aka haife shi a 1949, ya yi digirin farko a can, ya zo nan ya kammala digirin digirgir a 1973. Bayan ya koyar a Jami'ar Cornell daga 1977, sai ya dawo Minesota a 1983. Duk tsawon wannan lokaci tambaya guda ya riƙe: ta yaya ƙwayar ƙarfe ɗaya ko biyu da ke cikin jikin halitta take kama iskar oksijin, ta raba ta, ta yi aiki da ita ba tare da ta ƙona komai ba?

Jikin baligi yana ɗauke da ƙarfe kusan giram 3 zuwa 4, mafi yawansa a cikin jini, inda yake dakon oksijin daga huhu zuwa gaɓoɓi. Wannan kowa ya karanta a sakandare. Abin da ba a cika koya mana ba shi ne ragowar ƙarfen da ke zaune a cikin enzayim, wato sunadaran da ke gudanar da haɗe-haɗen sinadarai a jiki. Shi wannan ba dako yake yi ba, ƙira yake yi. Enzayim mai ƙarfe ne ke ƙarfafa jijiyoyi da fata, shi ya sa rashin bitamin C, wanda ke taimaka masa, yake sa dasashi zub da jini. Wani irinsa ne a cikin fumfuna yake ƙulla ƙashin bayan maganin fenisilin. Wannan fage, inda ilimin ƙarafa ya haɗu da ilimin halittu, shi ne gonar Farfesa Que.

Matsalar ita ce, lokacin da ƙarfen yake tsakiyar aikinsa ba ya tsayawa a gan shi. Yakan ɗauki wata siffa mai zafin gaske, ya gama aikin cikin daƙiƙa ko ƙasa da haka, ya koma yadda yake. Masana sun daɗe suna zaton a wannan ɗan lokaci ƙarfen yana hawa mataki na huɗu, wato kamar ya saki elektiron huɗu, riƙe da ƙwayar oksijin guda. Zato ne dai, kuma ga ƙarfen da ba ya cikin zobe irin na jini, wato zoben sinadarin da ke riƙe ƙarfe a cikin jini, da yawa suna ganin ba zai zaunu ba. Dabarar Que ita ce ya bar enzayim ɗin gefe, ya ƙera ƙaramin sinadari da zai riƙe ƙarfen ta ɓangarori huɗu ko biyar, kamar yadda maƙeri ke riƙe jan ƙarfe da awartaki, ya bar masa gurbi guda inda oksijin zai sauka.

Bari in nuna muku yadda aikin yake, don ni ma irinsa nake yi. Ana haɗa sinadarin ne a cikin akwati rufaffe wanda aka kore iska daga ciki, mutum ya zura hannuwansa cikin dogayen safar roba da ke manne da gilashin akwatin. A narkar da shi, a sanyaya ruwan har ma'auni 40 ƙasa da sifili, gilashin ya yi fari da raɓa. Sai a ɗiga sinadarin da zai ba shi oksijin. Idan an dace, ruwan da ba shi da wani launin kirki sai ya juya kore-kore a kan idonka. Daga nan sai gaggawa: a zuƙe kaɗan, a zuba a ɗan ƙaramin kofi, a tsoma cikin ruwan naitirojin ya daskare kafin launin ya gushe. Sau da yawa launin yakan gushe, ya bar ruwa mai kalar tsatsa, a wanke kwalabe a sake.

A 2003 ne ɗakin binciken Que, tare da na Wonwoo Nam na Koriya ta Kudu da na Eckard Münck, suka samu wannan koren sinadari ya zauna har ya fito da ƙwayoyi irin na gishiri, aka haska su aka auna. Karo na farko ke nan da aka ga siffar irin wannan ƙarfe a mataki na huɗu, ba a cikin zoben jini ba. A shekarar dai, Martin Bollinger da Carsten Krebs a Jami'ar Jihar Pennsylvania suka kama irinsa a cikin enzayim na gaske. Ku lissafa, shekara 30 ke nan bayan Que ya gama digirin digirgir. Kuma ba shi kaɗai ba ne. Münck gwani ne a wata na'ura da ke iya faɗin matakin da ƙarfe yake kai, amma sai an yi amfani da wani nau'in ƙarfe na musamman wanda kusan kashi 2 cikin 100 ne kawai na ƙarfen duniya. In ban da shi, launin kore kawai za a gani, ba hujja.

Akwai kuma wanda har yau ba a gama ba, kuma shi ya fi jan hankalina. Wasu ƙwayoyin bakteriya da ke cikin ƙasa da tabkuna suna cin iskar metan, wadda ita ce mafi yawan gas ɗin da ake ƙonawa a banza a Neja Delta. Da ƙarfe biyu kacal suke mayar da ita ruwan metanol, a yanayin zafi na yau da kullum, alhali masana'anta sai ta hura wuta sama da ma'auni 800 kafin ta fara. John Lipscomb, shi ma a nan Minesota, ya gano matakin da ke yin aikin a 1993. A 1997 shi da Que da Münck suka ce ƙarafan biyu suna kusa da juna ƙwarai, oksijin biyu sun haɗa su. A 2018 ɗakin binciken Serena DeBeer a Jamus ya sake aunawa da sabuwar na'ura ya ce a'a, tazararsu ta fi haka. Ana nan ana ta muhawara, cikin mutunci, kowa da awonsa.

Na san tambayar da wasunku za su yi, don iyayenmu ma sun yi mini ita: to wannan duk me zai tsinana wa talaka? Tambaya ce mai kyau, kuma ba zan yi muku ƙarya in ce gobe za a mayar da gas ɗin Neja Delta man mota ba. Amma ku dubi ciwon sikila, wanda Najeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu shi. Maganin haidroksiyuriya da ake ba masu wannan ciwo, wanda aka yi gwajinsa a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano don kare yara daga shanyewar ɓarin jiki, wani enzayim mai ƙarfe biyu yake takawa birki, wanda ke samar da tubalan gina ƙwayoyin gado. Peter Reichard da abokan aikinsa a Suwidin ne suka shafe shekaru suna tono yadda wannan enzayim yake, ba da sikila a ransu ba. Haka maganin zazzaɓin cizon sauro da muke sha yau, na dangin atemisinin: ƙarfen jinin da ƙwayar cutar ta ci shi ne ke tayar da maganin ya hallaka ta.

Yanzu ga abin da ke raina game da gida. A jami'o'inmu ɗalibai da yawa suna haɗa sinadari su ɗaura shi a kan ƙarfe ko tagulla, su auna narkewarsa, su gwada shi a kan bakteriya, su rubuta kundi, shi ke nan. Hannun ya iya, wallahi ya iya, kuma cikin wahalar rashin wuta da tsadar kayan aiki. Abin da ke ba ni takaici shi ne a nan ake tsayawa, daidai inda Que yake farawa. Ba a tambayar me ƙarfen yake yi idan ya haɗu da oksijin.

Ba kowane gwaji ne ke buƙatar na'urar miliyoyin daloli ba. A 1991 ɗakin Que ya wallafa wani sinadarin ƙarfe da ke kwaikwayon enzayim ɗin da bakteriyar ƙasa ke fasa zoben sinadarai masu gurɓata muhalli da shi. Launinsa shuɗi ne mai duhu, da ya shaƙi iska sai launin ya dishe, kuma saurin dishewar shi ne abin aunawa. Na'urar auna launi, wadda sassan kemistiri da yawa suke da ita, ta isa a fara. Ƙanƙara da gishiri suna sauke sanyi zuwa kusan 20 ƙasa da sifili. Lissafin siffar sinadari kuma da kwamfuta ake yinsa. Abin da ya gagara a gida sai a nemi abokin aiki a waje a aika masa, yadda Que ya yi ta aika wa Münck samfurinsa a daskare shekara da shekaru.

Malamai, don Allah idan za ku ba ɗalibi taken bincike a zangon da ke tafe, ku ƙara masa layi ɗaya: ya buɗe kwalbar ga iska, ko ya ɗiga mata haidrojin faroksaid, sinadarin da ke ba da oksijin, a cikin sanyi, ya auna launin minti bayan minti, ya rubuta abin da ya gani.

Ku gaishe da mutanen gida baki ɗaya.

Ɗan'uwanku,
daga Miniyapolis