Takardar sikanin ta watannin ƙarshe: shawara ga ƙannena ungozomomi

Ƙannena da kuka fara zama teburin awo, a cikin takardun da mai ciki za ta miƙo muku babu mai saurin ruɗar da ma'aikaciya kamar takardar sikanin ta wata bakwai ko takwas. Ga lambobi a jere, ga shi na'ura ce ta buga, sai mutum ya ji kamar ba a ja da ita. Mu da muka riga ku mun daɗe muna duba layi biyu kawai a jikinta, nauyin jariri da EDD, wato ranar da ake sa ran haihuwa, mu kwafe a katin awo mu sallami mace. A layin EDD ɗin nan muka fi yin ɓarna, don haka da shi zan fara.

Na'ura ba ta san ranar da ciki ya shiga ba. Girman ɗan tayi take aunawa, sannan ta ce mai wannan girman yawanci makonninsa kaza ne. A watanni ukun farko lissafin yana fita daidai, domin a lokacin 'yan tayi kusan duk girmansu ɗaya: in an auna tsawonsa daga kai zuwa ɗuwawu kafin mako 14, kuskuren bai wuce kwana 5 zuwa 7 ba. A tsakiyar ciki yakan kai kwana 10 zuwa 14. Bayan mako 28 kuwa, yana iya kai mako uku gaba ko baya. To ku ɗauki jaririn da mabiyiya ta gaza ciyar da shi. Makonninsa na gaskiya 36, kamata ya yi ya doshi kilo 2.8, amma kilo 2 yake. Na'ura za ta auna shi ta buga mako 32, ta ba da sabuwar EDD da ta ƙara wata guda. In kuka soke tsohuwar rana kuka rubuta sabuwar, da hannunku kun shafe cutar. Jaririn da ya kamata a sa wa ido sosai, wataƙila ma a fito da shi cikin mako ɗaya ko biyu, ya koma lafiyayyen ɗan wata bakwai da za a ce wa uwarsa ta je ta dawo. Irinsu ne ake dawowa da su babu motsi.

Saboda haka EDD sau ɗaya ake tsayar da ita, daga sikanin mafi tsufa da matar take da shi, kuma duk takardar da ta biyo baya ba ta da hurumin canza ta. Wannan na cikin dalilan da suka sa Hukumar Lafiya ta Duniya a 2016 ta ce kowace mai ciki ta samu sikanin ɗaya kafin mako 24. Ku nemi tsohuwar takardar ko da ta yage, ku liƙa ta a katin.

Na san abin da za ku ce: mafi yawan matanmu sai ciki ya tsufa suke fara awo, wasu ma suna shayarwa cikin ya shiga, ba su ga al'ada ba balle su tuna rana. Gaskiya ne. Ku tambaye ta da kalandar da take rayuwa da ita, kafin azumi ne ko bayan ƙaramar salla, kuna tuna cewa mako 40 kusan wata tara da rabi ne a lissafin watan Musulunci. In hakan bai fitar da komai ba, a ƙiyasta makonni da kewayen kai, a rubuta ɓaro-ɓaro a kati cewa ranar ba tabbatacciya ba ce, a maimaita sikanin bayan mako uku ko huɗu a ga ko yana ƙaruwa. Kuma cikin da ba a san makonninsa ba, ba a tayar masa da naƙuda don kawai wai rana ta wuce.

Ba kowace mace ke buƙatar sikanin bin girma ba. Ga mai lafiya, tef ya wadatar a matsayin matakin farko: daga mako 24, ta yi fitsari ta kwanta rigingine, ku auna daga saman mahaifa zuwa saman ƙashin mara, lambobin tef ɗin suna kife don kada idonku ya ja hannunku zuwa lambar da kuke so. Santimita yakan yi daidai da makonni, da bambancin biyu sama ko ƙasa. In ya gaza da uku, ko awo biyu a jere bai motsa ba, a tura ta sikanin. Amma akwai waɗanda ba a jiran tef a kansu: mai hawan jini, mai ciwon suga, mai sikila, mai ciwon ƙoda, wadda ta taɓa haihuwar jariri babu rai ko ɗan ƙarami ƙwarai, wadda ta zubar da jini a wannan cikin, da mai tagwaye. Haka mai ƙiba da mai ƙarin mahaifa, don tef ba ya faɗin gaskiya a jikinsu. Waɗannan akan tsara musu sikanin a mako 28, 32 da 36. Mai sikila tun daga mako 24 duk bayan mako huɗu. Tagwayen da kowa da mabiyiyarsa duk mako huɗu, masu mabiyiya ɗaya kuwa duk mako biyu tun daga mako 16, saboda jinin ɗaya na iya malalawa zuwa ɗan'uwansa.

Awo huɗu za ku gani a takardar: BPD faɗin kai, HC kewayen kai, AC kewayen ciki, FL tsawon ƙashin cinya. Daga su na'ura ke lissafa EFW, wato ƙiyasin nauyi, galibi da lissafin Hadlock. A cikin huɗun, AC za ku fi zuba wa ido. In abinci ya yi wa jariri ƙaranci, jikinsa yakan karkatar da jini zuwa ƙwaƙwalwa da zuciya, hanta ta cinye ajiyarta ta ƙanƙance, sai cikin ya tsaya alhali kai yana ci gaba. Ƙoda ma takan rasa rabonta, fitsarinsa ya ragu, ruwan da yake ciki ya ja baya, tunda a watannin ƙarshe yawancin ruwan nan fitsarinsa ne. A mai ciwon suga akasin haka ake gani: ciki da kafaɗu su cika da kitse su zarce kai, ruwa ya yi yawa, kuma wannan siffar ce ke sa kai ya fito kafaɗa ta maƙale.

Lambar kilo ita kaɗai ba ta gaya muku komai sai kun ɗora ta a kan jadawalin girma da makonnin gaskiya. In a cikin jarirai 100 masu makonninsa yana cikin goma mafi ƙanƙanta, an ce ƙarami ne. In yana cikin uku na ƙasa, ƙanƙantar ta yi tsanani. Wasu ƙananan lafiyarsu lau, gadon jiki ne, kuma za ku gane su da bin layinsu ba tare da faɗuwa ba. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne wanda yake tsakiyar jadawali a mako 28, ya gangaro kusa da ƙasa a mako 34, har yanzu takardarsa na cewa komai daidai.

Ku kuma sani EFW na iya kaucewa da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Wanda aka rubuta wa kilo 4 yana iya fitowa 3.4, yana iya fitowa 4.6. Mun tsorata mata da yawa da "yaronki ya yi girma, sai aiki", aka haifi ɗan kilo uku da rabi. Ba a fara zancen tiyata saboda girma kaɗai sai ƙiyasi ya kai kilo 4.5 ga mai suga, ko kilo 5 ga marar suga. Wannan kuskuren ne kuma ya sa maimaita awon girma duk mako aikin banza ne: jariri yana ƙara kusan giram 200 a mako, kaucewar na'ura ta kai hakan ko ta fi. Mafi ƙarancin tazara mako biyu, uku ko huɗu sun fi, kuma in da hali wuri ɗaya da hannu ɗaya.

Da zarar an ce jariri ƙarami ne, abu biyu ke nuna ko za a jira ko ba za a jira ba. Na farko ruwa: aljihu mafi zurfi ya kasance tsakanin santimita 2 da 8. Na biyu Dofla, wato sikanin gudun jini a jijiyar cibiya, wanda yawancin shagunan sikanin ba sa yi sai an rubuta musu a takardar turawa, don haka ku rubuta. In mabiyiya tana da lafiya, jini yakan ci gaba da gudana cikinta har a tsakanin bugun zuciya da bugun zuciya. In ta fara toshewa gudun ya ragu, daga nan ya tsaya cak a tsakanin bugu, daga ƙarshe ya riƙa komawa baya. Wadda takardarta ta nuna tsayawa ko komawa baya, ranar za ta tafi babban asibiti, ba ranar awonta mai zuwa ba.

Ga yadda lokacin haihuwa yakan kasance, kodayake likitan da ke riƙe da ita ne zai yanke. Ƙaramin jariri mai Dofla lafiya, mako 38 zuwa 39. Wanda ke cikin ukun ƙasa, mako 37. In jini ya tsaya tsakanin bugu ba a wuce mako 32 zuwa 34, in yana komawa baya 30 zuwa 32. Hawan jinin ciki mai zubar da furotin a fitsari, mako 37, in ya yi tsanani daga 34 ko ma kafin nan idan ran uwa na cikin haɗari. Mai suga tun kafin ciki, tsakanin mako 37 da 39. Mai sikila, 38 zuwa 40. Tagwaye masu mabiyiya biyu 37 zuwa 38, masu ɗaya wajen 36. Wadda za a sake yi wa tiyata ba tare da wata matsala ba, mako 39. In za a fito da jariri kafin mako 34, akan yi wa uwa allurar dekzametazon miligiram 6 duk awa 12 har sau huɗu don huhunsa ya nuna. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020, wanda asibitocin Najeriya na ciki, ya nuna tana rage mutuwar bakwaini, amma a inda aka tabbatar da makonni kuma akwai kulawar jarirai. Ba allurar da za a yi wa duk mai ciwon mara ba ce.

Layin mabiyiya da na kwanciyar jariri kada ku tsallake su. Mabiyiyar da ta sauko ƙasa da santimita 2 daga bakin mahaifa a tsakiyar ciki, a sake dubawa a mako 32, in tana nan a sake a 36. Yawanci takan hau. Wadda ta rufe baki kuwa tiyata ce a mako 36 zuwa 37, kuma in matar ta zo da jini kada yatsa ya shiga, ko na wane ne. In mabiyiyar tana gaba, tana ƙasa, matar kuma tana da tabon tiyata, ku ɗauka ta manne har sai an tabbatar ba haka ba, ku tura ta asibitin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, ko Shika, ko na Sakkwato, ko Issaka Gazobi a Yamai, inda akwai jini da ƙwararru. Jaririn da yake zaune ko a gicciye kafin mako 36 ba abin tayar da hankali ba ne. Daga 36 ne ake yanke shawara, ko ƙwararre ya juya shi ta waje ko a tsara tiyata.

Duk wannan karatu ba shi da amfani in bai zama shiri a gidan matar ba, kuma nan ne muka fi sakaci, muna gaya wa mace ita kaɗai abin da ba ita ke da ikon zartarwa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tsakanin mako 32 da 34 ku sa a zo muku da maigidan, in ta kama har da uwar miji, ku yi bayani da Hausar da za su maimaita a gida. A fita daga zaman an san asibiti da sunansa, mai tiyata dare da rana da ɗakin jarirai. An san ranar kwanciya. An san wanda zai sa hannu in maigidan ya tafi cirani, da wanda zai ba ta izinin fita da tsakar dare. A duba PCV ɗinta, wato yawan jininta, da rukuninsa a mako 36, a samu 'yan'uwa biyu da aka gwada jininsu, ga mai mabiyiya a ƙasa kuma jinin ya riga ta isa asibiti. A riƙe lambar direba biyu, don ɗaya zai kashe waya. In garinsu hanya takan yanke da damina, ta koma gidan dangi kusa da asibiti tun da sauran mako biyu. Ku faɗa a gaban kowa cewa mai tabon tiyata ba ta shan jiƙon naƙuda, ba a yi mata allurar kemis, domin mahaifa fashewa take yi.

Ku kuma cire musu zancen nan na cewa jariri yakan rage motsi in haihuwa ta kusa. Salon motsin yakan canza, amma ba ya raguwa. Sikanin da ya yi kyau ranar Litinin bai lamunce Alhamis ba. Raguwar motsi, jini, fashewar faya, ciwon kai mai tsanani da ganin dishi-dishi, duk a ranar ake zuwa.

Ranar naƙuda ƙaramin jariri ba shi da ajiyar da zai jure matsa, don haka a saurari zuciyarsa duk minti 15, in an fara nishi duk minti 5. Misofrostol ba ya shiga jikin mai tabon tiyata don tayar da naƙuda. In ya fito, sanyi da faɗuwar suga ne abokan gabarsa, shi da ɗan mai ciwon suga: a tsane shi, a ɗora shi a ƙirjin uwa fata da fata, ya kama nono cikin awa ɗaya, wanka ya jira aƙalla awa 24 ko da kakarsa ta ɓata rai. Sannan ku ɗora shi a sikeli, ku rubuta nauyinsa na gaskiya kusa da EFW na ƙarshe a rajista, da sunan wurin da aka yi sikanin. Cikin 'yan watanni za ku ga wane wuri ne ƙiyasinsa ke kusa da gaskiya, can za ku riƙa tura matan da ke cikin haɗari.