Asabar Ɗin Ruwa da Layin da Yake Rawa

Yau Asabar ruwan sama ya sauko tun bayan sallar asuba, bai tsagaita ba sai wajen la'asar, saboda haka fitar da na shirya yi zuwa kasuwa ta sha ruwa. Da na ga zaman gida ya kama ni, sai na ɗauko littattafai biyu da ƙanena ya kawo mini tsaraba daga wata tafiya da ya yi, wato kundin zanen barkwancin nan na jarida mai suna Peanuts, wanda Ba'amurke Charles Schulz ya shafe kusan shekara 50 yana zanawa. Kamfanin Fantagraphics ne ya tattara aikin gaba ɗaya cikin juzu'i 26 tsakanin 2004 da 2016, ni kuwa biyu kacal nake da su: na farko, wanda ya ƙunshi 1950 zuwa 1952, da kuma na 1997 da 1998. Ƙanen nawa bai nufi komai da wannan zaɓi ba, abin da ya samu ke nan a shagon tsofaffin littattafai, amma sai ya zamana ya miƙo mini farkon aikin mutum da kusan ƙarshensa a leda guda.

Na riga na karanta su duka biyun domin dariya, saboda haka yau na ƙudurta cewa zanen kansa zan duba, ba maganganun yaran ba. Na shimfiɗa tabarma kusa da taga inda haske ya fi, na ɗauko gilashin ƙara girman rubutu da marigayi mahaifina yake karatu da shi a ƙarshen rayuwarsa, na buɗe shafin farko.

Zanen farko ya fito ne ranar 2 ga Oktoba, 1950, a jaridu bakwai. Abin da ya fara tsayar da ni shi ne rigar Charlie Brown, yaron da shi ne jigon zanen, domin fara ce sol, babu baƙin zanen nan mai hawa da sauka kamar haƙoran zarto wanda duniya ta san shi da shi. Sai da na yi ta juya shafuka har zuwa ƙarshen Disamba na wannan shekarar kafin zanen ya bayyana a rigar, kuma daga ranar nan ido ba ya sake ɓatar da yaron a cikin sauran yara ko da an zana shi ƙarami a can nesa. Kawunan yaran ma a lokacin sun fi faɗi a kwance, kamar an ɗan danne ƙwarya daga sama, ba su kai ga zagayen da suka yi daga baya ba. A goshin Charlie Brown akwai ɗan layi guda da ya naɗe, wanda mutane da yawa suke ɗauka shi ne iyakar gashin da yake da shi, alhali Schulz ya bayyana cewa yaron ba sanƙo gare shi ba, gashinsa ne mara duhu kuma an aske shi ƙasa-ƙasa. Ban yi mamakin damuwarsa da wannan bambanci ba, domin mahaifinsa mai aski ne a garin Saint Paul na jihar Minisota, kuma sana'ar da ya bai wa mahaifin Charlie Brown ke nan. Wanda ya tashi yana kallon kawunan mutane a shagon ubansa ba zai yarda a kira aski sanƙo ba.

Na daɗe a kan idanun Lucy. Da ta fara fitowa a Maris 1952, ƙaramar yarinya ce mai manyan idanu zagayayyu, kowanne da'ira da ɗigo a ciki, kamar na wadda aka razana. Ba a jima ba Schulz ya share da'irar, ya bar ɗigo biyu, sannan ya ajiye ɗan lanƙwasasshen layi a gefen kowane ido, irin alamar baka biyu da muke sa wa a rubutu. Ƙaninta Linus, wanda ya shigo a Satumba na shekarar, shi ma ya gaji waɗannan layuka, har suka zama kamannin gidansu. Charlie Brown ba shi da su a kullum, sai idan ya shiga damuwa ko kunya ake ɗora masa su na ɗan lokaci. A ƙarƙashin gilashi kowane layi bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba, amma na gwada rufe su da bakin farce, sai fuskar ta koma ta yaron da babu abin da ya dame shi.

Ina cikin wannan ne autata, wadda take aji huɗu a firamare, ta zo ta zauna a gefen tabarmar. Ta yi ta kallon shafukan shiru, can ta ce, "Baba, su waɗannan yaran ba su da iyaye ne? Ban ga babba ko ɗaya ba." Na ce mata suna da su, ana ambatonsu, amma ba a zana su. Ta ce, "To ai ko an zana su ba za su shiga ba, akwatin ya yi musu kaɗan." Gaskiyarta kuwa. Tsayin kowane gida na zanen, wato akwatin da take nufi, daidai tsayin yaro yake, kuma mai kallo yana ganin komai ne daga inda idon yaro yake, kujera da bakin titi da katangar bulon da suke jingina a kanta su yi hira. Na san cewa a 1954 Schulz ya taɓa zana manya 'yan kallo a wasu shafukan Lahadi inda Lucy ta shiga gasar wasan golf, har ana ganin ƙafafunsu sun yi wa yaran rumfa, amma bai mayar da hakan al'ada ba. Ƙanƙantar gidajen ma tana da dalili na kasuwa: an tallata zanen ga jaridu ne a matsayin wanda ba ya cin wuri, gida huɗu masu girma ɗaya da edita zai iya jerawa a kwance, ko a tsaye, ko biyu bisa biyu. Matsin da aka yi masa ne ya tilasta shi zubar da duk abin da ba dole ba.

Amma mutumin da ya rage ciyawa zuwa 'yan layuka biyar ko shida, shi ne kuma ya ƙi yin ha'inci a wurin da babu mai kama shi. A Satumba 1951 wani yaro a cikinsu mai suna Schroeder ya fara zama gaban ɗan fiyanonsa na wasan yara, kuma a saman kansa akan ga rubutun kiɗa irin na Turawa, layuka biyar da ɗige-ɗige masu wutsiya. Ni ban iya karanta wannan rubutu ba, kuma na tabbata akasarin masu sayen jarida a Amurka ma haka suke, saboda haka da ya watsa ɗige-ɗige yadda ya ga dama da ya wuce lafiya. Sai dai ya zauna ya kwafo ainihin kiɗan Beethoven da na wasu mawallafan kiɗa, alama bayan alama, da hannunsa. Masana kiɗan Beethoven na wata cibiya a jami'ar San Jose ta Kalifoniya sun bi waɗannan zane-zane sun gano daga inda aka ɗauko kowanne, har aka yi baje kolinsu a 2008 a gidan tarihin Schulz da ke Santa Rosa. Da na sa gilashi a kansu sai na ga tsabtar aikin ta bambanta da ta sauran shafin, kamar wani marubucin ne dabam ya karɓi alƙalamin. Abin dariyar kuma a nan yake, domin kiɗan da ya gagari manya yana fitowa ne daga abin wasan da baƙaƙen maɓallansa ma fenti ne kawai aka shafa.

Bayan sallar azahar da abincin rana na buɗe juzu'i na biyu, kuma a nan ne ranar tawa ta tsaya. Na ajiye littattafan biyu gefe da gefe, shafin 1951 a hagu, na 1998 a dama. Layin saurayin ɗan shekara 28 santsi gare shi, yana tafiya kai tsaye kamar an ja shi da zare. Layin dattijon ɗan shekara 75 kuwa rawa yake yi. Gefen rufin ɗakin Snoopy karen Charlie Brown, wanda ya kamata ya miƙe, yana da ƙananan karkace-karkace daga wannan ƙarshe zuwa wancan, haka nan kumfar da ake rubuta magana a ciki, haka nan zagayen kan Charlie Brown. An yi wa Schulz tiyatar zuciya a 1981, kuma daga shekarun nan hannunsa ya riƙa karkarwa, abin yana ƙaruwa har ƙarshen aikinsa. Yana da dukiyar da zai ɗauki masu zane goma su yi masa tawada, kamar yadda takwarorinsa da yawa suke yi, amma bai yarda wani hannu ya taɓa zanen jaridar ba. Ko bakin alƙalamin da yake aiki da shi, ƙirar Esterbrook mai lamba 914, da ya ji za a daina yin sa sai ya saye ragowar da ke akwai domin kada layinsa ya canza.

Da farko tausayi ne ya kama ni, amma da na ƙara dubawa sai na ga tausayin bai dace ba. Hannun yana rawa, amma bai ɓata hanya ba ko sau ɗaya: ɗigon ido yana inda ya kamata, bakin yana lanƙwasa daidai gwargwadon baƙin cikin da ake so, kunnen bai zame daga wurinsa ba. Ya tuna mini da rubutun tsohon malaminmu na allo a shekarunsa na ƙarshe, wanda harafinsa yake karkarwa amma ba ka taɓa samun wasali a inda ba nasa ba. A ganina ma rawar ta dace da Charlie Brown fiye da santsin farko, domin yaron da kullum yake cikin fargaba bai kamata a zana shi da layin da ya yarda da kansa ba. Na san akwai masoya zanen da suke ganin shekarun 1960 ne ƙololuwarsa, kuma ta fuskar barkwanci ba na musu da su, amma ta fuskar layi ni na ƙarshen ya fi kama mini zuciya.

Akwai wasu canje-canje da ido yake gani nan take. Tun 1988 ya bar tsarin gida huɗu, saboda haka a wannan juzu'i ana samun gida uku, ko biyu, ko ma dogon gida guda, kuma ya fara liƙa inuwa mai ɗige-ɗige a bango da tufafi, abin da ni ban cika so ba domin yana cushe farin filin da yake bai wa zanen numfashi. Ɗakin Snoopy, wanda a littafin farko akan gan shi ta kusurwa har da ƙofarsa, ya koma ana ganinsa ta gefe kawai, karen yana kwance a kan tsinin rufin kamar yadda ya saba tun Disamba 1958. Da an juya ɗakin an ga tsinin sosai, da hankali ya ƙi yarda cewa kare zai iya barci a wurin. Na kuma lura da giɓi a ƙarshen 1997, inda kwanakin suka yi tsalle, wato hutun mako biyar da ya ɗauka lokacin cikarsa shekara 75. A Mayu 1998 kuma na sami yarinyar nan mai jan gashi da Charlie Brown ya shafe shekaru yana so daga nesa. Baƙar inuwarta kawai aka nuna tana rawa da Snoopy, babu ido babu baki, kuma iyakar abin da masu karatun jarida suka taɓa gani nata ke nan.

Da yake ruwa yana ta zuba a waje, na nemi shafukan da aka zana ruwan sama a cikinsu. Ba layuka ne masu kauri ɗaya ba: kowanne yana farawa siriri, ya yi kauri a tsakiya inda aka danna alƙalami, ya sake sirancewa, wasu kuma sun fi wasu duhu, har ka ji kamar akwai ruwa na kusa da na nesa. Na ɗaga kai na kalli wanda yake sauka daga indararon gidanmu, na sake kallon takardar, na ga mutumin ya kalli ruwa da kyau kafin ya zana shi.

Bayan la'asar, da sama ta washe, auta ta kawo littafinta na zane da biro ta ce mu gwada kan Charlie Brown, tunda a cewarta da'ira ce kawai da ɗigo biyu. Na zana bakwai. Na farko ya fito kamar kabewa, na uku kamar tulu, na biyar kuwa da'irar ta yi kyau amma na sa idanun sun yi nisa da hanci, sai ga wani yaro dabam da ban san shi ba yana kallona. Schulz ya yi zanen Peanuts 17,897, na ƙarshe ya fito ranar 13 ga Fabrairu, 2000, kwana ɗaya bayan rasuwarsa, kuma shi kansa ya ce kan Charlie Brown ne ya fi ba shi wuya. Auta ta duba nawa guda bakwai, ta duba na littafin 1998, ta ce, "Baba, naka layin ya fi nasa miƙewa, amma nasa ne Charlie Brown." Ta karɓi gilashin kakanta ta tafi da shi ɗaki tare da juzu'in farko, ta ce gobe za ta ƙirga shafukan da aka sa wa yaron baka biyu a ido. Na ce mata ta wanke hannu kafin ta taɓa littafin, domin na ga ta ci gyaɗa.